Dawar da Guguwa ta Shuka

Na koma ƙauyenmu a farkon wata damina bayan shekaru masu yawa ina yawo, sai hadari ya taso da la'asar. Ina zaune a ƙofar gidan ɗan ƙanena na ga gabas ta yi baƙi, na miƙe kamar yadda jikina ya saba, don a hadarin da na sani babu mai zama. Sai na ga ni kaɗai na miƙe. Matar gidan ta kwashe shanya, ta ja ƙofar ƙarfe, aikin ya ƙare ke nan. Samari suka ja kujerunsu ƙarƙashin rumfar kwano suka ci gaba da hirarsu da Larabci. Babu jinkar da za a danne, babu igiyar da za a ƙara ja, babu rumbu ko ɗaya a garin. Hatsi yana cikin buhu, buhu yana cikin ɗakin bulo. Na tsaya a tsakar gida ina kallon gindin hadarin har aka fara yayyafi. Wata jikata ta leƙo ta ce da Larabci, "Jiddo, shigo mana, me kake nema a sama?" Ban ba ta amsa ba, don amsar doguwa ce, kuma da Hausa take, wadda yarinyar take ji amma ba ta mayarwa.

Ƙauyen yana yankin Jazira a Sudan, kudu da garin Hajj Abdalla, daidai inda gonakin audugar da ke shan ruwan madatsar Makwar suke ƙarewa, ƙasar da ke jiran ruwan sama ta fara. Na zaga ƙasashe, na kwana a duwatsun Habasha, na bi rairayin Chadi, na ga gaɓar Jidda, amma ban ga wurin da sama ta fi ƙasa yawa kamar Jazira ba. Shimfiɗe take kamar faifai, baƙar laka ce mai tsagewa da rani har ƙafar jaki ta faɗa ciki. Babu tudu, babu dutse, itatuwa ma sai a bakin manyan hanyoyin ruwa da aka haƙa wa auduga. Saboda haka mutum yana ganin hadari tun yana jariri. Da hantsi za ka gan shi ɗan farin curi can gabas wajen Dindir, kafin azahar ya yi kafaɗu, kafin la'asar kansa ya baje kamar maƙera, gindinsa ya yi baƙi. A zamaninmu wannan kallon aiki ne. Da zarar cida ta fara daga nesa sai garin ya cika da ƙara irin tasa: mata suna kiran yara, ana kora awaki, ana kife tukwane, maza suna buga turaku da bayan gatari suna ɗaure jinka. Kafin ruwa ya iso, iska mai sanyi ce take fara zuwa, wadda Larabawa ke kira habub, tana ture duk abin da ta samu daga gabas zuwa yamma. Ita muka sani, kuma dominta muke ɗaure komai.

Gidanmu na kakana ne, wanda kowa a garin har matarsa yake kira Tsoho. Mahaifina yana aiki a birnin Madani, ni ne saurayin gidan, ƙarfi ya kawo, aure bai zo ba tukuna. Tsoho ya shigo Sudan yana yaro, riƙe da bakin rigar ubansa, cikin ayarin da ya baro ƙasar Sakkwato da niyyar Makka. Sun iso bakin kogi guzuri ya ƙare, suka tsaya don su yi noman shekara ɗaya, shekarar ce ba ta ƙare ba. A cikin kayansu akwai gora guda cike da irin dawa, kaura, mai ruwan gwaiduwar ƙwai. Ita ce abu ɗaya tak da ya rage mana na waccan tafiyar. Abincinmu na kullum fatarita ne, gajeriyar farar dawar Sudan da kowa ke ci, amma kowace damina Tsoho yana shuka kaurarsa a wata 'yar gona bayan gida, inda ruwa ke ɗan tsattsafowa daga gonakin auduga. Da ita ake tuwon salla da kunun suna. Idan kaka ta yi, shi da kansa yake bi kunya kunya, yana zaɓen zangarniyar da ta riga sauran nuna, don ruwan nan yana ɗaukewa da wuri, wadda ta makara ba ta da amfani gare mu. Waɗannan ne iri. Yakan ɗaure su ƙananan dammuna ya zuba a rumbu.

Rumbun nan shi ma abin kallo ne a wajen maƙwabtanmu. Lakar Jazira ba ta ginuwa kamar jar ƙasar da Tsoho ya baro, don haka da zana da kara ya saƙa shi, ya shafe da kashin shanu, ya ɗora a kan ƙafafun itace, ya yi masa hular jinka. Larabawa ba sa yin haka. Su rami suke haƙawa mai zurfi, su shimfiɗa ƙaiƙayi, su zuba hatsi, su mayar da ƙasa. Matmura suke ce masa. Akwai wani Balarabe da muke yi wa ciran auduga a hawasharsa, wato gonar da aka yanka masa, dattijo mai son tsokana, da yake kiran Tsoho da Hajj ko da yake ya san bai taɓa isa Makka ba. Duk sa'ad da ya ratsa ta bayan gidanmu a kan jakinsa sai ya tsaya ya ɗaga kai.

"Ya Hajj, har yanzu hatsinka yana tsaye da ƙafa huɗu kamar akuya? Wata rana zai yi tafiyarsa."

"Naka hwa, ya Shaihu? Kun yi mishi wanka da salla kahin ku bizne shi?"

"Wuta ba ta ganinsa, ɓarawo ba ya ganinsa."

"Rana ma ba ta ganinai. Hatsi ba gawa ba ne. Iri in ya kwana cikin rami ya gumu, ka shuka shi ya ƙi tashi."

Tsoho yana da gaskiyarsa a nan, Balaraben ma ya sani, don shi kansa ba ya sa irinsa a matmura, a cikin ɗaki yake ratayewa. Amma ba su taɓa barin gaskiya ta ɓata musu gardamar ba.

Guguwa kuwa mun san ta, ko dai muna tsammanin mun san ta. Da bazara, idan ƙasa ta yi zafin da ba a taka ta, sai ka ga ta tashi a fili babu gajimare ko ɗaya a sama, siririya, tana juyi tana kwasar kara da ganye, ta yi nan ta yi can kamar maye, ta mutu a bakin ruwa. A duk harshen da na koya daga baya, da wuya na sami wanda bai sa aljani a cikinta ba. Mutanenmu sun zo da maganinta daga yamma. Idan ta nufo gida, maigida yakan fita ya kafa fartanya a ƙasa tsakaninta da abin da yake tsoron ta ɗauka, ƙarfen yana kallonta, ya tsaya a bayansa yana neman tsari daga Shaiɗan. Ba a gudu, ba a juya mata baya, kuma ba a buɗe rumbu a gabanta. Na ga Tsoho ya yi haka sau da yawa, kuma kullum sai ta kauce. Ban taɓa tambayar kaina ba ko da ma can za ta kauce.

Abin da zan faɗa ya faru a lokacin rushash, wato yayyafin farko, kafin ruwan shuka ya sauka sosai. Iri yana cikin rumbu, ana jiran ruwa ɗaya mai kyau. Kwanakin nan an yi wani irin zafi mai ɗanko, riga tana manne wa mutum tun da safe, iska tana busowa daga kudu da ɗumi kamar numfashin saniya. Kakata, matar Tsoho, wadda take kirana mijinta kamar yadda kakanni ke yi, ita ta fara lura da wani abu. Tana kaɗi a inuwa bayan azahar, mazarinta yana juyi a kan tasa, ta ɗaga kai ta ce, "Maigidana, dubi hayaƙin murhu ya yi arewa, gajimare kuwa sun yi yamma. Yau sama da ƙasa ba su sha kunu tare ba." Na yi dariya na ce in ta gama duban sama ta dubi cikina. Ta ce raggon miji ba ya cin abinci sai ya ɗaure jinka.

Hadarin ranar ya fi duk wanda na taɓa gani tsawo. Ni da Tsoho muka zagaya bayan gida muka ɗaure rumbu kamar kullum, igiyoyi daga hular jinka zuwa turaku a gefen gabas, don habub in ya zo ya tarar da abin da zai ja da shi. Aka yi 'yar ƙanƙara, ƙanana kamar wake, ta tsaya. Sai iska ta ɗauke gaba ɗaya. Hasken ya koma wani launi da ban san sunansa ba a kowane harshe, tsakanin rawaya da kore. A gefen hadarin, inda ba a ruwa, gindin gajimaren ya sauko ƙasa ƙasa, na ga yana juyawa a hankali kamar ana tuƙa tuwo a babbar tukunya. Daga tsakiyarsa wani abu ya zuro kamar igiya mai kauri. Bai kai ƙasa ba tukuna sai ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta tashi ta tarye shi. Ƙararsa irin ta ruwan Makwar ce idan an buɗe ƙofofi, ba ta hawa ba ta sauka, tana dai ƙara matsowa.

Na dubi nisan da ke tsakaninmu na ga akwai sauran lokaci. Na taka ƙafar rumbun na hau, na kama igiyar hula zan kwance, don in ciro dammunan irin in kai ɗaki.

"Mi kaka yi nan bisa?" in ji Tsoho.

"Iri zan fitar."

"Sabko. Ba a buɗe rumbu gaban guguwa."

"Tsoho, wannan ba irin wadda muka sani ba ce. Daga sama ta sauko."

"Ko daga ina ta hito, guguwa ta. Ubana ya tsaida wadda ta fi wagga. Sabko ka miƙo min hwartanya."

Na sauko. A zamanin nan saurayi ba ya ja da kakansa a kan rumbunsa, kuma ni ma a raina ban tabbata ba shi ne da gaskiya ba. Ya kafa fartanyar, ya tsaya a bayanta, hannu a ƙirji, yana karatu. Rigarsa ta fara kaɗawa zuwa wajen abin, ba nesa da shi ba, kamar ana jan ta. Na ga zanar shingen maƙwabcinmu ta tashi ɗungurungum ta shige ciki. Na ga guguwar ba ta yin nan da can irin na maye, hanya ɗaya take bi. Na kama Tsoho ta ƙugu na ɗauke shi, ba shi da nauyi, na yi gudu da shi zuwa wata busasshiyar hanyar ruwa da ke gefen gonar, muka kwanta rubda ciki, na danne shi. Yana zagina yana karatu a lokaci guda. Kunnuwana suka toshe, numfashi ya yi wuya, ƙasa da kara suka yi ta dukan bayana. Sai ƙarar ta wuce, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Da muka miƙe, rumbun babu shi. Ba faɗuwa ya yi ba, ba kifewa ya yi ba. Ƙafafunsa suna nan a kafe, turakun gabas suna nan da guntayen igiya a wuyansu, shi ne dai babu. Mun ɗaure shi don iskar da ke turewa, sai wadda ke ɗagawa ta zo. Hanyar da ta bi ba ta da faɗi. Ta cire jinkar ɗakunan da ke bakin gari, ta kashe jakin wani, amma a tsakar gidanmu ƙwaryar da aka kife a kan turmi tana nan yadda aka bar ta. Babu wanda ya mutu. Kaka ta fito daga ƙarƙashin gado tare da kajinta, ta zagayo cikin ruwa, ta dubi ƙafafun rumbun, ta dubi mijinta da laka har gemu, ta dubi fartanyar da ke nan tsaye a inda ya kafa ta.

"To, alhamdu lillahi," ta ce. "Hwartanya dai ta tsira."

Washegari muka bi hanyar guguwar muna nema. Mun tsinci guntayen zana, mun tsinci rabin hular jinka a cikin ruwan auduga, mun tsinci zangarniyoyi amma duk an sussuke su tas, babu ƙwaya ko ɗaya, kamar an bi su da taɓarya. Abin da ya zube kusa, kaji da kurciyoyi sun riga mu. Muka zaga gidajen Hausawa na kusa ko akwai mai kaura. Wasu sun daɗe da barinta, wasu daga wurin Tsoho suke karɓar iri kowace shekara. Balaraben nan ya zo a kan jakinsa, ya tsaya a gaban ƙafafun rumbun ya daɗe. Na jira ya ce hatsin ya yi tafiyarsa kamar yadda ya faɗa. Bai ce ba. Ya sauke ɗan buhun irin fatarita, ya ce, "Ya Hajj, kada gonar ta kwana fayau," ya tafi. Tsoho ya shuka fatarita a gonar kaura. Bai yi kuka ba, bai yi ƙorafi ba, sai dai ya daina zama a bayan gida da yamma.

Shekaru bayan haka, ina tuƙin motar mai, nakan kai kaya wani filin jirgin sama inda na saba da wani ma'aikaci da aikinsa shi ne auna iska da ruwa. Muna shan shayi na ba shi labarin nan, ya bayyana mini abin da na gani, kuma bayaninsa ya zauna daidai a kan abin da idona ya riƙe. Ya ce ƙarfin hadari na rana ne. Rana tana dafa ƙasa da ruwa, tururi ya tashi ɗauke da zafin da ya sha. Idan ya hau sama ya huce ya koma ɗigon ruwa, sai ya saki zafin nan a can, iskar da ke wurin ta ƙara ɗumi, ta ƙara hawa, ta jawo wata daga ƙasa. Haka hadari yake ciyar da kansa har kansa ya bugi inda ba ya iya wucewa, ya baje kamar maƙera. Iskar da ta yi sanyi kuma tana faɗowa tare da ruwa, ta bugi ƙasa ta bazu a gaba, ita ce habub. Yawancin hadari a nan yake ƙarewa. Amma idan iskar ƙasa ta nufi wani waje, ta sama ta nufi wani, sai iskar da ke tsakaninsu ta naɗe a kwance kamar tabarma. Iskar da ke hawa cikin hadarin ta kama naɗin nan ta tayar da shi tsaye, gindin hadarin ya shiga juyawa. Idan ya tsuke sai ya ƙara sauri, kamar yadda mazari ke tattara sakakkiyar auduga ya mayar da ita zare mai ƙarfi. Guguwar bazara, in ji shi, zafin ƙasa ne kawai na ɗan lokaci, babu kowa a bayanta, shi ya sa take yawo ta mutu. Wannan kuwa hadari guda ne a tsaye a kanta. Na gaya masa maganar Kaka ta hayaƙi da gajimare, ya ce abin da shi ma yake dubawa ke nan kowace safiya. Daga baya na ga irinta a teku kusa da Bur Sudan, ta sauko tana shan ruwa, na ga matuƙan kwalekwale suna buga ƙarfe suna karatu, na gane ba mu kaɗai muka ɗauki ƙarfe a gabanta ba.

Amma in koma waccan damina. Da ruwa ya zauna, sai aka fara ganin gyauro, wato shukar da babu wanda ya shuka, a wuraren da ba a saba gani ba. Ya fito a layi, daga bayan gidanmu ya ratsa hawashar Balaraben, ya tsallake hanya, ya yi yamma, daidai inda guguwar ta bi. Tana ƙarama ba a bambanta kaura da fatarita, kuma gyauro ba shi da mai shi. Wanda ya fito cikin auduga an cire shi a ciran farko, da hannunmu ma muka cire wani, don ba a barin dawa a gonar auduga. Wanda ya fito a bakin hanya awaki sun cinye. Ba mu kawo komai a ranmu ba sai can da damina ta yi nisa, fatarita ta tsaya a tsawon ƙirji ta fid da kai. Ran nan mun je jana'iza, muna fitowa daga maƙabarta, wadda take yamma da gari da shingen ƙaya kewaye da ita, sai Tsoho ya tsaya cak. A lungun shingen, inda akuya ba ta shiga kuma babu mai cira, wasu karare sun wuce kan mutum, faffaɗan ganye, ba su ko yi ciki ba. Ya matsa ya kama ganye ɗaya ya murza a yatsunsa. Mutane suka wuce suka bar mu.

Daga baya na ji ana ba da labarin cewa a kan kabarin ubansa kaurar ta fito, wanda ya ɗauko ta daga yamma. Ba haka ba ne. Kabarin ubansa yana can ɗaya gefen. Kusa da kabarin wani baƙo ta fito, mai tsintar auduga da ya mutu a garin ba a san danginsa ba.

Da labari ya iso gida Kaka ta ajiye mazarinta.

"Kai da kac ce hatsi ba gawa ba ne. Ga shi ya kai kansa maƙabarta."

"Bisa ƙasa ya hito, ba a rame ba."

"Kuma ka ci tuwon maƙabarta?"

"Ba ci za ni yi ba. Iri nika so."

"Sai ka tambayi liman, kada ka ja muna magana."

Liman ya zo ya duba. Ya ce abin da ya tsiro a kan kabari a bar wa mai kabarin, a bar shi ya bushe a inda yake. Abin da ke tsakanin kabari da shinge kuwa ƙasar Allah ce kamar kowace. Da aka bi wannan hukuncin, abin da ya rage mana bai kai rabi ba, kuma mafi kyawun karan suna kan kabarin baƙon. Tsoho bai yi gardama ba. Ya ɗauki zare ya ɗaura wa nasa alama.

Sauran aikin na tsuntsaye ne. Kaura tana nuna bayan an girbe fatarita, lokacin da jan-baki ba su da wani abinci a fili sai ita. Kaka ba ta shiga maƙabarta, don haka ta yayyaga tsohon zanenta ta ɗinka ƙananan jakunkuna, ta miƙo mini ta saman ƙaya, na ɗaura wa kowace zangarniya tata. Tsoho ya mayar da zamansa can. Da hantsi zai tafi da buta da tabarma, ya zauna a inuwar shinge, yana jifan tsuntsaye da ɓarɓashin laka yana yi wa mutanen wurin addu'a. Waɗanda ke kan kabarin baƙon bai rufe su ba, ya ce tsuntsaye ma su sami nasu, sadaka ce ga mai wurin, kuma tana ɗauke musu hankali daga namu. Matan gari suka ce Tsoho ya je kama wuri tun da sauran kwana. Ya ce i, gara ya zaɓa da kansa, don in ya bar wa 'ya'yansu za su sa shi a rana.

Abin da muka girba bai cika ƙaramin kwando ba. Tsoho ya sake saƙa rumbu, da ƙafa huɗu kamar wancan, ya sa kashi ɗaya a ciki. Kashi ɗaya ya ba Kaka ta rataye a saman murhu. Sauran ya ƙulle a tsumma ya sa ni na raka shi gidan Balaraben.

"Ya Shaihu, ajiya na kawo ma. Ka rataye tare da naka."

"In sa a matmura?"

"In ka bizne ta, ni da kai sai gaban Allah."

"To ya Hajj, fartanyar fa? Ita ma in ajiye maka?"

Tsoho ya yi dariya, karon farko tun ranar guguwar. Fartanyar kuwa bai daina kafa ta ba. Duk bazara in guguwa ta nufo gida yakan fita ya tsaya a bayanta, tana kuma kaucewa kamar da. Sai dai idan hadari ne, yakan dubi gindinsa tukuna.

Kaurar ta ci gaba har bayan rasuwarsa. Mahaifina ya shuka ta, ƙannena sun shuka ta. Ni ina kan hanya. Ban san shekarar da ta ƙare ba, kuma duk wanda na tambaya bai sani ba. Babu guguwa, babu fari. Wata shekara ce dai babu wanda ya bi kunya ya zaɓi iri, aka kai duka injin niƙa.

Da girma ya kama ni na je ƙasar Hausa, karon farko a rayuwata. A kasuwar hatsi na ga kaura buhu a kan buhu har sun kusa taɓa rufi, ana awonta ba a ko kallonta, tana zuba a ƙasa jakuna suna takawa. Na tsaya ina kallo har mai awon ya tambaye ni ko lafiya. Na sayi kwano guda na taho da shi Sudan, na shuka a bayan gida, a inda gonar Tsoho take. Ta fito da kyau, ta yi tsawo har ta wuce katanga, ganye shar. Ruwa ya ɗauke a lokacin da ya saba ɗaukewa, ita kuwa ko ciki ba ta yi ba, tana jiran damina irin ta garinsu. Na sare ta na ba awaki. Wadda Tsoho ya tsare a maƙabarta ta daɗe da barin zama dawar Sakkwato. Shekara da shekaru yana zaɓen wadda ta riga nuna, har ta koyi ruwan nan kamar yadda muka koyi harshen nan, kuma babu kasuwar da ake sayar da ita.